Don Nicanor, Mai Tsofar da Katako

Idan ka tambayi Doña Casilda mai soya kifi wane ne Don Nicanor, za ta goge hannu a jikin zanenta ta ce, "Mutumin da ya iya ɓata abu da kyau." 'Yan acaɓan bakin hanya cewa suke kada ka kuskura ka ajiye babur a ƙofar shagonsa, kafin ka sha ruwa ka dawo ya yi tsatsa. Marigayiya matarsa, Herminia, takan ce duk Punta Lirio ita kaɗai ce mijinta ke fita da safe ya lalata kaya, ya dawo da yamma a gajiye, kuma gari ya gode masa.

Shi kuwa Porfirio mai kwale-kwale, shekara da shekaru amsarsa ɗaya ce: "Gara ce mai hula." Yana da izinin faɗin haka, domin Nicanor ne ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, suka zama abin da muke kira kompai. A wurinmu wa da ƙane sukan yi faɗa har a raba su, amma kompai ba ya ɗaga wa kompai murya, ba ya wuce shi bai taɓa hula ba. A ƙarshen bara waɗannan dattawa biyu suka daina gaisawa, kuma duk garin ya ji abin a jikinsa. Tunda Don Nicanor ya ajiye aiki, na ga ya kamata a rubuta wane ne shi, a kuma rubuta yadda wannan magana ta kasance.

Ni burodin kwakwa nake sayarwa a gindin bishiyar da ke kallon bukkar nan ta bakin ruwa, wadda ta fito a fim, wadda Don Nicanor ke kula da ita. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka na fi sabawa da sauraro a kan rubutu. Abin da zan faɗa, ko dai na gani daga kan bencina, ko kuma wanda ya gani ne ya gaya mini.

Da sassafe yake saukowa bakin ruwa, bokiti a hannu ɗaya, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ba ya fara taɓa komai. Sai ya zagaya bukkar a hankali, hannu a baya, kamar mai duba maras lafiya da bai so ya tashe shi daga barci. Daga nan ya ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya yana sauraro. Idan gara ta shiga, kunnensa ne ke fara sani. Ya share yashin da iska ta tara a bakin ƙofa, amma ba duka ba, yakan bar kaɗan a lungun hagu, domin haka yake a fim ɗin. Ya tsince ledoji da murafen kwalba. Idan wani baƙo ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jikin bango, ya kankare, ya shafa wa wurin abin da ke cikin bokitinsa, zuwa hantsi ko shi kansa sai ya nema kafin ya gane inda aka taɓa. Kafin kwale-kwalen farko ya iso ya ɓace. Baƙi dubbai sun ɗauki hoton aikinsa, ban sani ba ko akwai goma da suka taɓa ganin fuskarsa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan da masu fim suka zo. Suna son bukkar masunci talaka a ƙarshen yashi, ƙarƙashin kwakwar nan da ta sunkuya, inda jarumin zai zauna yana jiran kwale-kwalen ɗan'uwansa da ba zai dawo ba. Nicanor, a lokacin kafinta ne mai jini a jika, shi ya gina musu ita: bango uku, babu na baya, ƙofa a ƙulle da ƙusa don babu abin da ke ciki sai iska. Wata baturiya daga cikinsu ta nuna masa yadda ake sa sabon katako ya yi kamar ya sha ruwan shekara hamsin. Suka gama, suka tafi, suka ce a yi makamashi da ita.

Bai yi ba. Ya ce shi dai ba ya ƙona aikin hannunsa. Sai ga wasu baƙi sun zo suna tambayar inda bukkar take. Bayansu wasu. Yanzu da zarar Janairu ya kama, lokacin da manyan dabbobin tekun nan ke zuwa haihuwa a bakin ruwanmu, jiragen yawon buɗe ido kan tsaya nesa, masu kwale-kwale su yi ta jigilar mutane zuwa gaɓa. Kowa sai ya zauna a matakalar nan, ya tallafe haɓa, ya zuba wa teku ido a ɗauke shi hoto. Daga nan su ci kifin Casilda, su sayi burodina, su hau acaɓa zuwa tudu. Da wannan bukka mai bango uku aka yi wa makarantarmu rufi.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, a wannan gaɓa babu katakon da ke kai shekara goma. Gishiri na ci, gara na ci, rana na ci, guguwa ta zo ta kwashe saura. Bukkar da suke gani babu ko tsinke ɗaya na asali a jikinta. Sau nawa aka sake ta, guntu-guntu, ba wanda ya lura. Don Nicanor kan sayi sabon katako fari tas, ya binne shi a taɓon bakin kogi, ya tono, ya shanya, ya dake shi da sarƙa, ya goge da buroshin ƙarfe har jijiyoyin itacen su fito. Sai ya jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwan kal, ya haɗa da toka da diddigar kofi, ya shafa, ya bar wa rana sauran aikin. Duk matan garin nan mun saba tara masa diddigar kofi a gwangwani. Ƙusa ma ba ya kafa sabuwa sai ta kwana a ruwan gishiri.

Akwai murfin tagar nan da ke reto, kamar iska kaɗan za ta yar da shi. Tun ina da ƙarfina yake shirin faɗuwa. Casilda ta ga ranar da wani ƙaton baƙo ya rataya a jikinsa don a ɗauke shi hoto, ta rufe ido tana kiran sunan Uwar Yesu. Murfin ko motsi bai yi ba. Ta baya Nicanor ya ɗaure shi da ƙarfe mai kaurin yatsa. Haka matakalar da ake zama a kai, a ido ruɓaɓɓiya ce, a ƙarƙashi kuwa za ta ɗauki saniya.

Shekarar babbar guguwa, da gari ya waye babu bukka sai ginshiƙi biyu. Mai unguwa ya zo da gudu ya ce a fara da ita, ita ce tukunyar gari. Nicanor ya ce, "Ba mai kwana a cikinta." Ya hau rufin gidajen mutane, ya fara da na tsofaffi, bai sauko ba sai da kowa ya sami inda zai fake. Sannan ya bi gaɓa da ƙafa har bakin kogi yana tsintar katakon bukkarsa a cikin tarkace. Masunta sun ce ya san kowanne kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa. Ya ɗaga guntu ya ce, "Wannan na ƙarƙashin taga ne," ya saɓa a kafaɗa.

Kai ne, Don Nicanor, ka koya mana cewa tsufa ma aiki ne. Mu da muke zaune kusa da kai mun ɗauka lokaci ne ke yin abin da muke gani, alhali hannunka ne. Kafinta kowa na so a ce, "Wa ya yi wannan?" Kai kuwa ranar da aka yi wannan tambaya, ranar ka san ka yi kuskure.

Bara idonsa ya fara yana. Yakan kai hannu zai ɗauki ƙusa ya ɗauki yashi. 'Yarsa ta zo daga birni ta tafi da shi a yi masa aiki, a farkon Disamba.

To Disamba kuwa watan fenti ne. Komai talaucinka, gidanka ba ya shiga Kirsimeti da fuskar bara. Wanda bai da kuɗin galan ya sayi rabi ya ƙara ruwa. Garin duk warin fenti, rediyo na tashi a kowace ƙofa, wannan gida ruwan ɗorawa, wancan kore, na gaba ruwan hoda. Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Porfirio ya sauko da galan biyu da buroshi, ya dire su gaban bukkar.

Casilda ta ce, "Porfirio, me za ka yi?"

"Me kika gani? Kifi zan soya."

"Wannan fa ba gida ba ne."

"Yana da ƙofa? Yana da taga? To gida ne. Duk gari ya yi wanka, shi kaɗai zai shiga Kirsimeti kamar maraya? Kompai na zai dawo da sabon ido, bari ya buɗe shi a kan abu mai kyau ko sau ɗaya a rayuwarsa."

Maganar gaskiya, ba shi kaɗai ya yi ba. Da ya ja layin farko, shuɗi mai haske kamar ruwan gaɓa da safe, sai abin ya ba kowa sha'awa. Hannunmu ya saba, mun ga bango ba fenti a Disamba, jikinmu ne ya motsa kafin hankalinmu. Masunta suka karɓi buroshi. Wani ya kawo farin fenti aka zagaye taga da ƙofa. Casilda da ta fara hanawa ita ce ta kawo tukunyar fure ta ajiye a matakala. Aka kunna kiɗa, aka soya agade, kafin la'asar bukkar ta fi gidan mai unguwa kyau. Muka tsaya muna kallo muna jin daɗin kanmu.

Bayan kwana biyu Yudelka ta zo, matar da ke jagorantar baƙi daga jiragen, ta zo duba hanya kafin lokaci ya kama. Ta sauka daga kwale-kwale, ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa.

"Ina bukkar?"

Aka nuna mata.

"Wayyo Allahna. Wa ya mutu? Wa ya yi aure?" Ta ciro waya ta nuna mana hoton fim ɗin, toka-toka, a karkace, abin tausayi. "Wannan mutane ke biya su gani. Gida mai shuɗin fenti akwai shi a kowane lungu daga nan har babban birni. Ina ƙaunarku, kun sani, amma in Janairu ya zo haka take, gaba zan yi da su."

Casilda ta je a hankali ta ɗauke tukunyar furenta.

Don Nicanor ya dawo bayan Kirsimeti, ido ɗaya a rufe da auduga, baƙin tabarau a kai. Ba wanda ya iya gaya masa a hanya. Ya sauko bakin ruwa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya matsa ya sa farce a jikin bango ya karta, fentin mai ne, ya shige cikin jijiyar katakon da shi da kansa ya buɗe da buroshi.

Porfirio na zaune a kan kwale-kwalensa da ya kife. Ya ɗaga murya ya ce, "Kompai, barka da dawowa! Yaya idon? Ya ga kyau?"

Nicanor ya juyo ya ce, "Wa ya ba ka izinin taɓa mini aiki?"

Bai yi ihu ba. Amma bai ce kompai ba, kuma duk wanda ke wurin ya ji rashin kalmar. Porfirio ya tashi, ya kaɗe wando, ya yi tafiyarsa. Tun daga ranar in ɗaya ya biyo ta gaɓa, ɗayan sai ya bi ta bayan coci. Teburin domino na ƙofar shago ya mutu, domin su biyu ne ke raya shi da zagin juna. 'Yar Porfirio, wadda Nicanor ya riƙe a baftisma, ta rasa gidan da za ta fara gaisarwa ranar sabuwar shekara, sai ta zauna a ɗaki ba ta je ko'ina ba.

Likita ya hana Nicanor ƙura da rana. Sai Nicanor ya kafa rumfar kaba ya zagaye bukkar, ya ɗaura ƙyalle a fuska, ya shiga kankara. Daga bencina ina jin ƙarar ƙarfe a kan katako tun safe har yamma. Kwana uku ya yi bai gama rabin bango ɗaya ba, kuma inda ya kankare ɗin ma shuɗin na nan maƙale a cikin tsaga. Sabon katako kuwa sai ya yi watanni a taɓo kafin ya yi fuskar da ake so. Ga Janairu ya kama.

Ranar ta huɗu da azahar Porfirio ya zo sayen burodi. Ya zauna a ƙarshen bencina, abin da bai saba yi ba, ya juya wa rumfar baya. Ban tambaye shi komai ba. Na lura da mutane, in ka yi shiru ka ci gaba da naɗe burodi, abin da ke cikinsu yakan fito da kansa.

Ya ce, "Ondina, ke kin tuna gidan tsohuwata?"

Na ce na tuna. Doña Tomasa, a bakin hanyar kogi, kafin guguwa ta ɗauke gidan.

"Da masu fim suka zo, gida-gida suka bi suna kallo. Nata suka zaɓa. Shi wancan," ya nuna baya da babban yatsa bai waiwaya ba, "shi ya zo da igiya ya auna ƙofarta da tagarta. Ta dafa musu kofi, tana ta murna za a sa gidanta a fim. Ranar da aka kai mu kallo a birni ta sa rigarta ta coci. Da bukkar ta fito a bango, Ondina, sai ta kama hannuna ta ce, 'Porfirio, haka gidana yake?' Matar da ko shekarar da babana ya nutse ba ta fasa fenti ba. Wanki ta yi wa mutane ta sayi rabin galan. Shuɗin nan dai, shi take saye."

Ya gutsuri burodi bai ci ba.

"Gidanta ya tafi, ita ta tafi. Abin da ya rage mai siffarsa a duniya shi ne wancan. Ni kuma kullum ni ke ɗebo mutane in kawo su su zauna a ƙofar uwata suna cewa, kai, dubi yadda talakawan nan ke rayuwa. In yi musu murmushi, in riƙe musu jaka. Shekara talatin. Na ce sau ɗaya dai ta yi Kirsimeti kamar mutane."

Na ce, "Ka taɓa gaya masa?"

"In gaya wa gara me? Aikinsa ne. Da shi muke ci, har da ni. Na san na yi ɓarna, ba sai an gaya mini ba. Amma in don in ce na yi nadama ne, sai dai su jira."

Sai a lokacin na lura ƙarar kankara ta tsaya. Tun yaushe, ban sani ba. Tsakanin bencina da rumfar bai fi taku kaɗan ba, kuma kaba ba ta tare magana. Porfirio ya biya, ya tafi ta bayan coci.

Da yamma wata ƙara ta daban ta fara fitowa daga rumfar, ƙarar ƙusa ana zare ta daga katako. Washegari Don Nicanor ya leƙo ya ce mini, "Doña Ondina, a gaya wa mata ina son diddigar kofi, duk wadda ke garin nan." Muka sha kofi a makon nan har hannunmu na rawa. Ya aika aka kwaso masa toka daga murhun Casilda. Bai bar kowa ya shiga ba, mu ma ba mu nema ba, kunya ta ishe mu. Idonsa na ruwa, 'yarsa na bugo waya tana faɗa, shi kuwa yana ciki daga fitowar rana har faɗuwarta.

Ana gobe jirgin farko zai zo ya kwance rumfar. Na ɗaga kai na ga bukkar. Toka-toka, a karkace, murfin taga na shirin faɗuwa, yashi a lungun hagu. Kamar ba a taɓa kusantar ta da buroshi ba. Casilda ta zagaya gabanta tana neman ɗigon shuɗi ko ɗaya, ba ta samu ba, ta yi alamar gicciye ta ce, "Wannan mutum ba shi kaɗai yake aiki ba." Abu ɗaya ne sabo, ya yi mata bango na huɗu a baya, inda hoto ba ya kaiwa. Muka ɗauka don ƙarfi ne.

A ranar ya gaya wa mai unguwa cewa wannan ne aikinsa na ƙarshe. Idon da aka gyara ya sha ƙura fiye da kima, likita ya ce in ya ƙara, ba ruwansa.

Don Nicanor, mun gode. Na faɗa a madadin masu kwale-kwale da 'yan acaɓa da mu masu tallar bakin ruwa, da yaran da ke karatu ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo. Mun ci daga hannunka shekara talatin muna kiranka gara, kana dariya. Kai ne ka hau rufinmu kafin ka nemi naka katakon. Ku kuma samarin Punta Lirio, har yau ba wanda ya je ya zauna kusa da shi ya koyi wannan aiki, kowa na ganin wasa da taɓo ne. Yana nan da ransa, shagonsa a buɗe, bakinsa bai yi yana ba. Katakon da ke jikin bukkar nan ba zai jira ku ba. Ku je tun yana iya riƙe hannunku ya ɗora a kan itace ya ce, ji nan. Kuma in kun je, kada ku tsaya a kan toka da ruwan kal kawai, ku duba yadda yake sauraro.

Ranar da jirgin ya zo, Porfirio ne ya kawo kwale-kwalen farko, don layinsa ne. Yudelka ta diro tun kafin a ɗaure igiya, ta kalli bukkar, ta kalli wayarta, ta daka tsalle ta rungume Casilda da ke kusa. Baƙi suka yi layi a matakala, kowa na tallafe haɓa. Porfirio bai kalli wajen ba, ya sunkuya yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Ranar kam Don Nicanor bai ɓace ba. Ya jira har Yudelka ta kwashe mutanenta zuwa rumfar kifi, sannan ya taka har bakin ruwa, ya tsaya gaban kwale-kwalen, ya taɓa hula.

"Kompai."

Porfirio bai ɗago ba. "Na gani. Ka mayar da ita juji. Hannunka bai mutu ba, sai a yi maka tafi."

"Zo ka riƙe mini wani abu a baya."

"Ka nemi masu ido biyu."

"Su ba su iya riƙe abu a karkace ba. Kai kuwa tun haihuwa a karkace kake."

Wani masunci ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya rufe baki. Porfirio ya yar da igiyar, ya bi shi yana gunaguni. Mu ma muka bi daga nesa, ni da Casilda da masunta biyu-uku, muna cewa a ranmu yau dai Porfirio zai sauke girman kai ya ba da haƙuri.

A jikin sabon bangon baya akwai 'yar ƙofa. Nicanor ya tura ta ya matsa gefe.

Ciki shuɗi ne. Bango uku, daga ƙasa har sama, shuɗin nan mai haske, da farin layi zagaye da taga da ƙofa. Rana na shigowa ta tsagogin katako tana kwanciya a kai. Ashe daina kankarewa ya yi. Ya zare katakon ɗaya bayan ɗaya, ya juya kowanne, fentin ya koma ciki, ya tsofar da bayan da ba a taɓa ba ya mayar da shi waje. Har inda ya fara kankarewa ya sake shafawa da ragowar galan ɗin Porfirio. Ya share ƙasa, ya ajiye kujera ɗaya a gindin taga.

Porfirio ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire hula. Ya shiga kamar mai shiga coci, ya ɗora tafin hannu a bango, ya bar shi a nan. Muna ganin kafaɗunsa daga baya. Ya buɗe baki zai yi magana, Nicanor ya riga shi.

Ya cire baƙin tabarau, ya cire hula shi ma, ya ce da murya yadda duk muka ji:

"Ni na auna ƙofar nan da igiya, na sha kofinta. Daga baya na manta gidan wani ne, na mayar da shi aikina. Shekara talatin ina zuba wa ɗakin Doña Tomasa toka a gabanka, ban taɓa tambayarka yadda kake ji ba. Kompai, ka yafe mini."